Ga mai shirin fita bida, da wanda ya komo ba da son ransa ba

Ƙannena samarin Sae Sabuwa, da na garuruwan da ke kewaye da mu tun daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, ba zan ce muku kada ku fita ba. Duk wanda ya ce muku haka bai leƙa rumbun gidanku ba. Jihar Maraɗi tana cikin jihohin da suka fi yawan jama'a a Nijar, ƙidayar 2012 ta same mu sama da mutum miliyan 3 da dubu 400, kuma tun daga lokacin ƙaruwa muke yi, ƙasar noma kuwa tana nan yadda take. Gandun da kaka ya noma da ƴaƴansa, yau jikoki sun yayyanka shi, kowa ya tashi da abin da ba ya kai shi bazara. Saurayin da ya ɗaure jakarsa bayan kaka yana rage baki ɗaya a kan rumbu, kuma idan tiyar hatsi ta yi tsada akwai wanda za a kira a salula. Fita kuma gadonmu ce. Fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro har Salaga, zangunan Kumasi da Akra da Kwatano Hausawa ne suka raya su, kuma dukiyar Alhazan Maraɗi da kuke jin labari, da gyaɗa da zirga-zirgar hanyar Katsina da Kano aka tara ta.

Maganata a kan komowa ce. Kowa yana koya wa yaro yadda ake fita: wace tasha, wane direba, wa zai sauke shi a Kano ko Agadas. Ba mai koya masa yadda ake dawowa, alhali nan ne samari da yawa suke karyewa. Muna ganin su. Mutum ya yi shekara guda a waje, ya dawo don tsoho ya dame shi da aike, ko don an kama shi an sako a mota, ya sauka jikinsa yana gida zuciyarsa tana can. Ba ya noma da daɗin rai, ba ya sakewa cikin ƴan'uwa, komai aka yi sai ya ce a can ba haka ake yi ba. Kafin kaka ta zagayo ya sayar da abin da ya kawo ya sake kama hanya, wannan karon ba tare da ya faɗa wa kowa ranar dawowa ba.

Cin rani na iyayenmu yana da iyaka, hadari ne ke yanke ta. Mutum ya tafi Kano ko Jos ko Legas ya yi ga-ruwa, ya yi shayi, ya yi gadi ko dako, da ya ga gabas ta fara haɗuwa sai ya ƙulla kayansa, don ya san shuka ba ta jiran kowa. Yanzu hanya ta yi tsawo. Wanda ya nufi Libiya sai ya bi Agadas, Dirku, ya ratsa Tenere kafin ya ga Sabha. Mai zuwa Aljeriya sai ya bi Arlit da Asamaka kafin Tamanrasat. Tun da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 wasu can suka karkata. Kuɗin irin wannan tafiya ba na aljihun saurayi ba ne, bashi ake ci, ko a sayar da saniyar uwa. Idan ruwa ya sauka a gida bai gama biyan bashin ba, balle ya tara nasa, sai ya ce bari damina ɗaya ta wuce. Damina ta farko ita ce mai wuyar tsallakewa. Da mutum ya ga an yi noma ba shi, an girbe ba shi, kuma duniya ba ta tashi ba, ta biyu ba ta yi masa nauyi.

Kada kowa ya raina abin da ke riƙe saurayi a waje, ni ban raina shi ba. A gida, mai shekara ashirin da biyar, da matarsa da ɗansa, yaro ne muddin mahaifinsa yana raye. Shi ke fasa ƙasa a gandu, amma ba ya buɗe rumbu sai da izini. Ƴar gamanar da aka yanka masa ba ta isa ta yi masa suturar salla ba. Idan manya suna shawara, nasa saurare. A Abijan ko Tamanrasat kuwa, ko bulo yake ɗauka a ka, da yamma kuɗin guminsa a aljihunsa suke kwana. Shi ke yanke abin da zai ci da inda zai kwanta. Ba mai tambayar ɗan gidan wa ne. Idan ya aiko da jaka goma gida, mahaifin da bai taɓa neman ra'ayinsa ba sai ya kira shi yana tambayar ko a sayi taki ko a sayi akuya. Wannan daɗin gaskiya ne, kuma jin sa ba zunubi ba ne. Amma ka tsaya ka tambayi kanka, ƙanena, mene ne ainihin abin da kake kewa. Ɗakin da kuke kwana ku goma sha? Gudun ƴan sanda? Mai aikin da ya riƙe maka ladan wata biyu ya ce ka kai ƙara in kana da takarda? Ba su ba ne. Abin da ka ɗanɗana shi ne zama mai ikon kanka, kuma wannan ba a Libiya aka binne shi ba. Ana iya neman sa a gida, sai dai neman sa a gida ya fi wuya, domin sai ka zauna gaban mahaifinka ka yi maganar da ba ka saba yi ba.

Sai kunya, wadda ta fi komai tsare mutane. Tun watan farko ka tsaya jikin motar wani aka ɗauke ka hoto, ka sa a Facebook, ka tura a WhatsApp. Inna ta nuna wa maƙwabta. Abokinka da kuka fita tare ya komo da babur da akwatin aure. Kai kuwa rashin lafiya ya cinye rabin abin da ka tara, ragowar aka ƙwace a hanya. Yaya za ka sauka a tasha da leda ɗaya? Sai ka ƙara wata shida don ka cike, wata shidan su zama shekara uku, ka daina ɗaga waya don ba ka da abin faɗa. Akwai gidaje a yankinmu da ba su san ko su yi wa ɗansu sadaka ko su ci gaba da jira ba, kuma a cikin waɗannan ƴaƴan akwai masu rai da lafiya, kunya kawai ta rufe musu baki. Ina roƙon ku da girman Allah, kada ku yi wa uwa wannan azaba. Surutun mutanen gari a kan wanda ya komo hannu wofi ba ya wuce mako biyu, wani labarin zai zo ya ture shi. Zullumin uwar da ba ta ji muryar ɗanta ba kuwa kullum sabo ne.

Ku kuma sani cewa zaman baƙo ba a hannunsa yake ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen da suka tsufa a zango suka bar shaguna da gidaje. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya, aka kori sama da mutum miliyan guda, har da ƴan Nijar. A 2011 yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubun dubatar ƴan ƙasarmu suka ratso hamada da abin da ke jikinsu, wasu ladan shekaru ya bi ruwa. Tun Disamban 2014 Aljeriya take cika manyan motoci da mutanenmu tana maido su, wasu baƙin ma a wurin da ake kira Point Zéro ake zubar da su, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Ko Najeriya da muke ɗauka gida, an rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har farkon 2024, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 wanda ya yi rani a Kano ya san yadda guminsa ke ƙanƙancewa a hannun ƴan canji. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Komowa dai za a komo. Abin da ya rage a hannunka shi ne ko ka zo da ƙafarka da kayanka a watan da ka zaɓa, ko a kawo ka a watan da wani ya zaɓa.

Shi ya sa nake cewa shirin dawowa tun kafin a fita ake yin sa. Kafin ka hau mota ka iya faɗin abin da za ka nemo da sunansa: shanun noma biyu, ko amalanke, ko kwanon rufin ɗaki, ko sadaki, ko fanso gonar da ke hannun wani. Wanda ya fita neman "arziki" ba ya sanin ranar da ya samu, don arziki ba shi da bakin iyaka, amma mai neman kuɗin amalanke ya san ranar da suka cika. Ka faɗi watan komowa a gaban mahaifinka da wani dattijo da kake jin nauyinsa, don maganar ta zama alkawari. In son samu ne ka kasance a gida kafin ruwan shuka.

Kada ka jinginar da gona don kuɗin mota. Wannan ina faɗa da babbar murya. A ƙasar da gona ta yi ƙaranci kamar tamu, wadda ta shiga jingina da wuya take fitowa, domin mai riƙe da ita yana ci kowace shekara, kai kuwa kana nesa kana fama da bashi. Idan tafiyar ba ta yi kyau ba ka komo ba kuɗi ba gona, ka zama ɗan ƙwadago a ƙasar kakanka, kuma irin wannan mutum ne ba ya iya zama gida ko yana so. In larura ta tilasta, a yi a gaban mai gari da shaidu, a rubuta, a kai wa hukumar Kofo mai kula da sha'anin filaye, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Haka kuma kada ka yarda da mai cewa zai kai ka Libiya ka biya daga baya. Ƙarshen wannan alkawari shi ne gidan bashi, inda ake kulle mutum a doke shi a kira danginsa su ji kukansa a waya. An soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, motoci sun koma fita daga Agadas a fili, amma soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya a Tenere ba. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe arewa da Arlit a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, mota ce kawai ta lalace musu. Ka riƙe takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da katin rigakafi, musamman yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, ka kuma tambayi wanda ya dawo kwanan nan abin da ake nema a kowace iyaka.

Mai aure, nasa nauyin daban ne. Yarinyar da ka ɗauko daga gidansu ka ajiye a tsakar gidan iyayenka, ita ke dakan gidan, ita ke ɗiban ruwa, ita ke goyo, kuma ba ta da bakin tambayar ina kuɗin da ka aiko suka shiga. Malamai suna ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ƙayyade wa mayaƙa lokacin da za su yi nesa da iyalansu, bai bari ya wuce wata shida ba, su da suke fagen daga. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, matar da miji ya tafi ya bari ba ci ba sha tana da ikon kai kukanta gaban alƙali. Ka bar mata abin da za ta riƙe kanta, ko jar akuya biyu ce, ka ware nata aiken da sunanta, ka kira ta ita kanta ba ta bakin wani ba. Ku kuma ƙannena mata, tambayar miji ranar dawowarsa ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne.

Idan ka isa can, kada ka tara kuɗi a ƙarƙashin katifa. Wanda ake kamawa a wurin aiki ba a ba shi damar komawa ɗaki ya ɗauki ajiyarsa. Yanzu ga kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana da sauransu, aike ya yi sauƙi, ka riƙa turowa kaɗan-kaɗan ga mai amana, a mayar da shi abin da ake gani: tunkiya, buhun wake da kaka lokacin da yake da araha, bulo. Sa'an nan ka buɗe ido. Kuɗin shekara guda ƙarewa suke yi, abin da hannu ya koya shi ke zama. Idan lebura kake wa magini, ka lura da yadda yake ɗaure igiya da yadda yake auna siminti. Idan a gonar Balarabe kake, ka koyi yadda ake jan ruwa da tiyo, da gyaran injin ban-ruwa, da renon iri. Walda, ɗaura tayil, haɗa wutar sola, gyaran salula, duk ana neman masu su tun daga Maraɗi har ƙauye. Mutum biyu za su yi shekara a wurin aiki ɗaya, ɗaya ya komo da babur, ɗaya ya komo da sana'a, bayan shekara uku ka je ka duba su.

Ranar da ka komo, ka shigo da rana tsaka, ko me ke hannunka. Mai shigowa da dare don kada a gan shi ya riga ya yanke wa kansa hukuncin da ba wanda ya yanke masa. Ka zagaya ka gai da manya, ka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ka nan, ka yi barkar waɗanda aka haifa. Tsaraba al'ada ce mai kyau, amma ka ware mata kasonta tun kana hanya, ka ɗaure sauran. Makon farko kowa ɗan'uwanka ne, kowa da matsalar da ya ajiye yana jiranka, kuma idan ka biye wa kunya kafin wata ya ƙare kai ne za ka nemi rancen kuɗin shayi. Cewa "wannan na shanun noma ne, ba na taɓawa" ba rowa ba ce.

Bayan an gama murna sai kewa ta zo, kuma gara ka san da zuwanta. Gari zai yi maka shiru, tuwo zai gundure ka, za ka ga komai yana tafiya a hankali. Nan ne haɗarin fada yake: a kwana ana dafa shayi ana labarin Tarabulus, wani ya miƙo tramol, rana ta fito ba a ƙulla komai ba. Maganin wannan kewar aiki ne da kake da iko a kansa. Ka sami mahaifinka shi kaɗai, cikin ladabi, ba a gaban ƙanne ba, ka ce Baba na ga yadda ake yin kaza, ina son a ba ni gefen gona in gwada, abin da ya fito ga kason gida ga nawa. Dattawa da yawa ba ƙin sakin ragama suke yi ba, tsoro suke kada a sayar a sake tafiya. Idan ya ga ka zuba taki da kuɗinka, ka turke rago, ya san zama ka zo yi, kuma za ka ga maganarka ta fara nauyi a gidan.

Kada kuma ka ɗauka ba abin da ke motsi a nan. Ƙasar nan da ake cewa ta gaji, manomanta ne suka yi abin da duniya ke zuwa kallo. Tun shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zauna a Maraɗi, ya riƙa nuna wa mutane su bar tohon kututture a gona su gyara shi maimakon su sare, sassaben zamani ya bazu har masu bincike suka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ɗan Saga da ke ƙasar Agye ta yi suna a kan haka, da kwamitin gari mai tsaron itatuwa. Kowa ya san yadda hatsi ke yi a gindin gawo. Ayar da ake nomawa a wajen Caduwa da Agye da Gazawa tana fita ƙasashen waje, har Sifaniya ana kai ayar Nijar ana yin abin sha da ita. Riɗi da wake suna da kasuwa. Ku lura da wani abu: yawancin aikin da ke tayar da gona, kai taki, sassabe, renon itace, kiwon turke, da rani ake yin sa, daidai lokacin da majiya ƙarfi ba sa gari. Ban ce wannan zai wadatar da kowa ba, mai kadada rabi ba zai rayu da ita kaɗai ba, kuma matsalar ƴan bindiga a garuruwan bakin iyaka ta hana wasu ma zuwa gonakinsu. Amma wanda ya komo da ɗan jari da sana'a yana da abin kamawa, in ya ba shi damina biyu kafin ya yanke hukunci.

Akwai bashi guda da ke kan duk wanda ya je ya dawo, shi ne gaskiya ga na baya. Ƙanenka ɗan shekara goma sha biyar yana kallon takalminka da salularka, yana lissafin shekarun da suka rage masa, wataƙila ma ya fara ƙin zuwa lakwal. Idan labarin benaye da fitilu kawai ya ji daga bakinka, kai ka tura shi. Ka zaunar da shi ka yi masa lissafin kamar yadda yake: nawa aka ranto, nawa aka biya a kowane shinge, wata nawa ka yi ba aiki, wa ya cinye maka lada, wa kuka fita tare bai dawo ba, da nawa suka rage a hannunka ranar da ka sauka a tashar Maraɗi. Ka faɗa masa aikin da mai karatu ko mai sana'a ya samu a can wanda kai ba ka samu ba. In ya ji duka ya ce zai je, ka sa ya gama koyon abin da yake koyo tukuna, ka haɗa shi da mutumin kirki da zai sauke shi, kuma kada a taɓa gona don kuɗin motarsa.